Kowane shayi da butarsa: abin da ya kamata a duba kafin a saya

A Maraɗi, da wuya ka ratsa unguwa bayan la'asar ba ka ga fada ta matasa da ƴar buta bisa gawayi ba. Amma da yawa daga cikinmu buta guda muke sa wa komai: koren ganye yau, gobe zoɓo, jibi citta da kanumfari. Daga nan ɗanɗano ke lalacewa, wani lokaci har da lafiya.

Koren ganyen da ake kira shayin Buzaye daga ƙasar Sin yake zuwa, kuma lambobin da ke jikin kwali, irin su 41022 ko 9371, suna nuna darajar ganyen. Sinawa jiƙa shi suke yi a ruwan da zafinsa bai wuce digiri 80 ba. Mu kuwa dafa shi muke yi har sau uku, shi ya sa na farko yake da ɗaci. Wannan dahuwa tana son ƙaramar butar ƙarfe mai fenti, shuɗiya ko ja, wadda ke cin ƙananan kofuna uku ko huɗu. Ƙanƙantarta ke sa ganyen ya yi kauri da ruwa kaɗan, siririn bakinta kuma ke ba da damar tsiyayowa daga sama har kumfa ta tashi. Wanda ya zuba wannan ganye a babbar buta, ya yi asarar ganye da sukari da gawayi.

Sai dai a leƙa cikinta. Idan fentin ya ɓantare, ƙarfen na tsatsa, kuma shayi na yin baƙi idan ya haɗu da shi. Irin wannan buta ta gama aikinta, ko da bayanta na ƙyalli.

Baƙin shayi na mai shayi, wanda ake sha da madara da burodi, dafuwa ba ta karɓe shi ba. Ruwa za a tafasa a babbar buta, a zuba bisa ganyen, a bar shi minti 3 zuwa 5. Butar da ta fi dacewa ita ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda wasu ke kira silba. Madara kuma a kofi ake zuba ta. Idan ta shiga buta sai ta kama gindi, ta bar ƙauri.

Inda aka fi yin ganganci shi ne abubuwa masu tsami. Zoɓo, tsamiya da lemun tsami suna cin alminiyam. Tukwanen da maƙera ke zubawa daga tsofaffin ƙarafan mota da gwangwanaye na iya ƙunsar dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, kuma tsami da zafi ke fiddo ta cikin abin sha. Arahar tukunyar ba ta kai wannan hatsari ba. Don zoɓo, a nemi silba ko mai fentin da bai fashe ba.

Ganyen geza, da ake kira kinkeliba, da busasshen zogalen da manoman Jiratawa ke kawowa, tukunyar ƙasa ta ishe su, irin wadda ake samu a kasuwannin Maraɗi da Tsibiri. Yumɓu yana riƙe zafi, amma yana shan ƙamshi. Mutanen Yixing a ƙasar Sin, da suka yi suna wajen butocin yumɓu, sukan keɓe wa kowane irin ganye butarsa saboda wannan dalili. Tukunyar da ta sha citta, citta za ta riƙa ba ka.

Butar roba kuwa ta alwala ce. Kada a zuba mata tafasasshen ruwa.