Katako a Cikin Ɗaki: Yadda Mutanen Finlan Suka Zamanantar da Kayan Daji

A ƙasar Finlan, can arewacin Turai, daji ya mamaye kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin ƙasa, mutanenta kuwa ba su kai miliyan 6 ba. Katako shi ne kayan gini mafi kusa da hannunsu tun kaka da kakanni, kuma har gobe shi ke riƙe da cikin ɗakunansu. An fi ganin haka a ƙananan gidajen hutu da suke kira mökki, waɗanda akasari ake ginawa a bakin tafki don iyali su tare a ciki lokacin zafi. Akwai irinsu kimanin rabin miliyan a ƙasar. Maƙwabciyarsu Norwe ma tana da fiye da 400,000. Da yawa daga cikin waɗannan gidaje yanzu suna da lantarki da ruwan famfo da manyan tagogin gilashi, amma bango da silin da daɓe da kujeru duk na itace ne, kuma ana barin zanen jikinsa a fili.

Itatuwa uku ne ke ɗauke da wannan aiki. Akwai mänty, dangin itacen fayin da aka dasa a tsaunin Jos, mai ƙaro da jajayen ƙulle-ƙulle a jikin katakonsa. Akwai kuusi, wanda ya fi shi haske da rashin nauyi, ana yawan yin silin da rufin bango da shi. Sai koivu mai farin ɓawo, wanda katakonsa ya fi na sauran biyun tauri da santsi, shi ya sa ya zama na kujeru da tebura.

Farkon abin da ke jawo mutane ga katako shi ne yadda jiki ke jin sa. A ɗaki guda, ƙafa takan ji daɓen tayil da sanyi, ta ji na katako da ɗumi, alhali ma'auni zai nuna zafinsu ɗaya ne. Bambancin yana ga saurin da kowanne ke kwashe zafin fata. Jikin itace cike yake da ƙananan ramuka masu riƙe iska, iska kuwa ba ta miƙa zafi da sauri. Kankare ya fi katako saurin miƙa zafi fiye da sau goma, ƙarfe kuma ya fi katako kusan sau 400. A ƙasar da sanyi kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Haka dokar take aiki a ɓangaren zafi. A ɗakin sauna, inda ake wankan tururi da zafin da kan kai digiri 80 zuwa 100, mutum yana zama a kan benci ba tare da ya ƙone ba domin na itace mara nauyi ne. Ba a yin bencin da mänty, saboda ƙaronsa kan narke ya tsattsafo ya ƙona fata, kuma ana buga ƙusa ta ƙasa yadda ƙarfe ba zai taɓa jiki ba. Ɗaya daga cikin katakan da ake so a wannan aiki daga dazukan Afirka ta Yamma yake zuwa: shi ne wanda kafintocin Najeriya suka sani da obeche, na Gana ke ce wa wawa.

Babban ilimin aikin katako a cikin ɗaki, wanda duk sauran dabaru suka rataya a kansa, shi ne sha'anin danshi. Ko bayan an sare itace an yanka shi da zarto, ba ya daina shan danshi daga iska da mayar mata da shi. Ɗanyen itace yakan ƙunshi ruwa mai yawa, wani lokaci kusan rabin nauyinsa. Yayin da yake bushewa, girmansa ba ya sauyawa har sai danshin ya sauka zuwa kimanin kashi 30 cikin 100. Daga nan ne yake fara tsukewa. Kuma ba ya tsukewa daidai ta kowane gefe. Ƙirar jikinsa kamar damin kara take: zaruruwa ne dogaye a jere, don haka yana kumbura ko ya tsuke ta faɗi, ta tsawo kuwa da ƙyar ake ganin sauyi. Ta faɗin ma, motsin da ke bin da'irar shekarun itacen ya kusan ninka wanda ke ratsa ta. Wannan rashin daidaito ne ke sa falle ya kumbure ta tsakiya, ya karkace, ko ya dare.

Magani na farko shi ne busarwa. Katakon da za a sa a ɗakin da ake hura wa ɗumi ana busar da shi a tanda ta musamman har danshinsa ya koma wajen kashi 8 zuwa 12, sannan a ajiye shi kwanaki a cikin ɗakin da zai zauna kafin a buga, don ya saba da iskar wurin. Magani na biyu shi ne barin masa hanya. Ana yi wa fallayen bango da na daɓe harshe a gefe ɗaya da kwarmi a ɗayan, su shiga juna, ta yadda kowanne zai motsa ba tare da an ga ɓaraka ba. Ana barin tazarar kimanin santimita ɗaya tsakanin daɓe da bango, a rufe ta da siririn katako. A gidan da aka gina da gungume kan gungume, bangon gaba ɗaya yakan zauna da 'yan santimitoci a shekarun farko, saboda haka ana barin fili a saman ƙofa da taga, in ba haka ba nauyin bango ya danne su. Gwanin kafinta ba ya ƙoƙarin ɗaure katako ya hana shi motsi, domin wanda aka matse ta ko'ina shi ne ke tsagewa. A farkon shekarun 1990 cibiyar bincike ta VTT a Finlan ta inganta wata hanya ta gasa katako da tururi a zafin digiri kusan 200, wadda ke rage masa shan danshi, ta sa shi ya yi duhu, ko da yake tana rage masa juriyar lanƙwasa.

Shigar katako cikin salon zamani ba ta zo da sauƙi ba. A shekarun 1920 manyan masu zanen gini na Turai sun karkata ga kankare da gilashi da kujerun bututun ƙarfe, suna ganin itace kayan ƙauye ne. Masu zanen gini 'yan Finlan, Alvar Aalto da matarsa Aino, suna cikin waɗanda suka juya wannan ra'ayi. Da suke tsara asibitin masu tarin fuka na Paimio, wanda aka kammala a 1933, sun ga ƙarfe ya yi wa mara lafiya sanyi da ƙyalli, sai suka ƙera kujera da siraran fallayen koivu da aka manne aka lanƙwasa. Daga wannan gwaji ne aka samu ƙaramar kujerar nan mai ƙafa uku, Stool 60, wadda kamfanin Artek da suka kafa da abokansu a 1935 yake yi har yanzu. A gidan Villa Mairea da aka gama a 1939, silin falo na siraran katakon mänty ne, ginshiƙan ƙarfe an naɗe su da igiyar rattan a daidai inda hannu ke kaiwa, matakalar bene kuma an kewaye ta da sanduna marasa jeri ɗaya, suna kwaikwayon dajin da ke bayan taga. Muhimmancin aikin nan shi ne ya nuna cewa inji da itace ba abokan gaba ba ne.

Abin da ake shafa wa katako ma yana da nasa hukunci. Man sheƙi mai kauri yana rufe shi ruf, ya hana tabo, amma idan ya kankare sai an goge faɗin wurin duka. Man da ke nutsewa cikin itace, irin na 'ya'yan lilin, ba ya ba da wannan kariya, sai dai ana iya gyara gurbi ɗaya a bar saura. A Denmak akwai al'adar wanke daɓe da tebur da ruwan farin sabulu kawai, a maimaita lokaci-lokaci. Mänty yana rawaya idan haske ya daɗe a kansa, har ɗaki ya yi duhu, shi ya sa masu tsara ɗaki na yanzu kan shafa masa farin ruwa mai shara-shara, ko su bar bango ɗaya da katako, sauran su yi fari. Ya kamata kuma a raba katako na ainihi da allunan da ake yi da garin itace da gam. Yawancin gam ɗin yana fitar da sinadarin fomaldihaid, wanda hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin masu jawo cutar a 2004. Ƙasashen Turai sun ƙayyade yawan da aka yarda allo ya fitar, amma a kasuwar da ba a bincike, mai saye ba shi da mai kare shi.

Katako ba ya zama shi kaɗai. Ana haɗa shi da darduma ta ulu ko ta tsummokaran da aka saƙa, da labulen lilin, da murhun wani dutse mai laushi da ake haƙowa a Juuka, wanda ke shan zafin wuta ta 'yan awoyi ya yi ta sakinsa a hankali har washegari.

Tsoron gobara gaskiya ne, kuma Finlan ta ɗanɗana: wuta ta cinye mafi yawan birnin Turku a 1827. Amma kauri yana sauya lissafi. Ƙaton ginshiƙin katako yana ci ne ta waje, ƙasa da milimita ɗaya a minti guda, gawayin da ya taru kuma ya kare cikinsa, don haka injiniya yana iya ƙididdige tsawon lokacin da zai ɗauki nauyi. Siririn falle na bango shi ne mai yaɗa wuta, shi ake yi wa doka. A kan wannan lissafi, da kuma manyan allunan da aka ƙirƙiro a Ostiriya a shekarun 1990 ta hanyar manne fallaye a gicciye, aka gina Mjøstårnet a Norwe a 2019, bene mai hawa 18 da tsawon mita 85.4.

Ana yawan cewa katako abokin muhalli ne, domin kusan rabin nauyinsa busasshe kabon ne da itacen ya zuƙo daga iska. Maganar tana tsayawa ne kawai inda ake maye gurbin abin da aka sare. Finlan ta haramta lalata daji da doka tun 1886. A wani gefen kuma, maɗobiya ta sha sara a Taraba da wasu sassan Afirka ta Yamma don a kai ƙasar Sin a yi kayan ɗaki na alfarma, har yarjejeniyar CITES ta sa wa cinikinta takunkumi daga 2017. Kyawun falo a wata nahiya bai kai a bar tsauni tsirara a wata ba.

A ƙasar Hausa sharuɗɗan sun sha bamban. Danshin iska a Kano yakan faɗi ƙasa da kashi 20 da hunturu, ya haura 70 a tsakiyar damina, abin da ke sa danshin katako ya ninka har sau uku a shekara guda. Shi ya sa ƙyaure ke cijewa a watan Agusta ya saki a Janairu, kuma kabad da aka haɗa da katakon kudu wanda bai bushe ba yake darewa da iskar hunturun farko. Ga kuma gara, wadda mutanen Finlan ba su san ta ba, kuma itace mai taushi irin nasu shi ne abincinta. Magina na da sun san wannan, shi ya sa suka zaɓi azarar giginya, mai tauri da gara ba ta cika yi wa illa ba, suka haɗa ta da tubali da makuba. Da irin wannan kaya Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A wannan zamani ma ana amfani da kayan gida irin wannan: a Dandaji ta Nijar, masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu a 2018, suka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin.