Shin Sifikar Gurnani Tana da Gaba da Baya?

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da gidan biki a Mabera ko Runjin Sambo ya san wannan lamari. Muryar mawaƙi ba ta cika isowa ɗaki ba, amma dukan nan mai kauri yakan ratsa bango har kwanukan jere su riƙa rawa. Idan aka yi wa mai kayan sauti magana, sai ya juya manyan akwatunan nan masu gurnani, waɗanda ake kira wufa, su fuskanci wani gefen. Niyyarsa mai kyau ce, sai dai juyin ba ya rage komai.

Dalili kuwa shi ne, sauti motsi ne da ke tafiya cikin iska igiya-igiya, da gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa. A zafin Sakkwato na watan Afrilu yakan kai mita 355. Siririn sauti mai kaɗawa sau 5,000 a daƙiƙa, tsawon igiyarsa santimita 7 ne kacal. Shi kuwa mai kauri, mai kaɗawa sau 50, igiyarsa ta kai mita 7, wato ta fi yawancin ɗakunanmu tsawo. Alhali bakin babbar wufa inci 18 ne, bai kai rabin mita ba.

Mai karatu ya tsaya a gadar Kwalkwalawa ya dubi gulbin Rima. Ƙananan igiyoyin ruwa kwalekwale yakan tare su, bayansa ya kwanta lumui. Amma babbar igiya in ta iske turke sai ta zagaye shi ta wuce kamar babu shi. Haka akwatin wufa yake ga igiya mai mita 7: ya yi ƙanƙanta da ya tare ta, don haka gurnanin yakan bazu gaba da baya da gefe kusan daidai wa daida. Lasifikar masallaci kuwa murya take ɗauka, igiyoyinta gajeru ne, tana da fuska. Shi ya sa ake ɗaura guda uku ko huɗu a kan hasumiya, kowace da inda ta dosa.

Kunnen ɗan Adam ma yana da nasa rauni a nan. Tun 1907 masanin nan na Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana cewa muna gane inda sauti ya fito ne ta hanyar bambancin ƙarfi da na lokacin isowa tsakanin kunnuwa biyu. Kai yakan tare siririn sauti, amma doguwar igiya zagaye shi take yi, kunnuwan su ji abu kusan ɗaya. Idan kaɗawa ta gaza sau 80 a daƙiƙa, da wuya mutum ya nuna inda take fitowa. Giwaye sun ci moriyar doguwar igiya: a 1984 Katy Payne ta gano suna kiran juna da gurnanin da ya yi wa kunnenmu kauri, wanda ke tafiyar kilomitoci cikin daji.

To, ashe ba a iya sarrafa gurnani ke nan? Ana iyawa, amma ba da akwati ɗaya ba. A manyan taruka akan jera guda uku, ɗaya ya dubi baya, a jinkirta sautinsa kaɗan da na'ura, a kuma juya bugunsa ya saɓa wa na sauran. Ta haka igiyoyin kan soke juna a baya, su ƙarfafa juna a gaba. Al'adar nan ta ajiye wufa ɗaya dama ɗaya hagu ita ma tana ba gurnani fuska, sai dai ba wadda ake so ba: ya taru a tsakiyar fili, wasu gefuna kuma ya ɓace, sai mai kayan ya ƙara murɗa ƙarfi, maƙwabta su sha wahala.

A ƙaramin biki, inda babu wannan na'ura, abin yi shi ne a haɗa wufofin wuri ɗaya, a nisanta su daga bango da kusurwa, domin bango yana ƙara musu amo, sannan a rage maɓallin kaurin shi kaɗai, a bar muryar mawaƙi yadda take.