Tarihin Gidan Dabbobin Teku na Marineland

Ɗalibai, kun san gidan namun daji. To, akwai irinsa na dabbobin teku. An buɗe Marineland a garin Antibes na ƙasar Faransa a shekarar 1970. Jama'a sukan biya kuɗi su kalli dolfin da orka suna tsalle cikin manyan tafkuna. Ku lura, waɗannan ba kifaye ba ne, domin iska suke shaƙa, suna kuma shayar da 'ya'yansu.

A 2021 Faransa ta kafa dokar hana wasa da su, ga 'yan kallo suna raguwa. Aka rufe gidan ranar 5 ga Janairu, 2025. Sai dai dabbar da aka haifa a tafki ba ta iya farauta a teku ba. Ina za a kai ta?