Shanyar Rana Ko Injin Busarwa: Wanne Ya Fi Riba?

Ya ku malamai da attajirai, ga wata mas'ala da ta shafi rumbu da kasuwa.

Ku sani gero da dawa ba su bukatar inji. Da kaka suke nuna, ruwa ya ɗauke: a yanke, a shanya, a ɗaure dami, a kai rumbu. Rana ba ta karɓar ko anini.

Abin lura shi ne masara da shinkafa, domin sau da yawa akan girbe su damina ba ta ƙare ba. A nan shanya tana da nata kuɗi a ɓoye: ladan masu bazawa da kwashewa, da tamfol, da abin da kaji da awaki suka ci, da tsakuwar da ke karya farashi. In hadari ya taso, aikin kwana uku ya koma baya. Inji kuwa yakan gama a yini guda, amma yana cin mai da kuɗin gyara, sa'an nan ya zauna yawancin shekara ba aiki. Mai buhu goma ba zai mai da kuɗinsa ba, sai dai manoma su haɗa kai su saya, ko a biya lada buhu-buhu.

Ga lissafi ga attajiri. Masara kilo 100 mai ruwa kashi 25 cikin ɗari, in ta bushe zuwa kashi 13, yadda za ta ajiyu, saura kilo 86. Wanda ya saye ta ɗanya a farashin busasshiya ya biya kuɗin ruwa kilo 14.

Mafi muni shi ne fumfuna, mai haifar da dafin aflatoksin, wanda dafuwa ba ta kashe shi. A ƙasar Kenya, cikin 2004, irin wannan masara ta kashe mutum 125.

Shari'a ma ta yi magana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan algus. Nisabin zakka kuma, wusƙi biyar, da busasshen hatsi ake auna shi.

Saboda haka, hatsin kaka a bar wa rana, na damina a nema masa inji in da hali. Mai saye ya gwada da haƙori: busasshiyar ƙwaya fashewa take da ƙara. Allah Ya tsare mu da cin haram.