Kafin ka sayi iyafis mai tsada

Iyafis masu tsada ba sautinsu ɗaya ba. Sennheiser IE 600 ƙaramar lasifika guda gare shi a kowane kunne, mai fitar da amon ganga da nauyinsa. Shure SE846 kuwa huɗu ya ƙunsa, kowace da rabon sautinta. Yawan lasifika dai ba shi ne daɗi ba.

Abin da sabon shiga ke rainawa shi ne robar bakin. Muddin ba ta toshe kunne ruf ba, sautin ƙasa ya zube, kuɗi sun tafi a banza, don haka gwada manya da ƙanana. Nemi kuma wanda ake cire wayarsa, domin ita ke fara lalacewa.

Kada ka biya sai ka gwada iyafis ɗin da waƙar da ka haddace.