Ƙauyuka na gina salanga, kasuwannin iyaka fa?

Duk mai cin kasuwannin mako na bakin iyaka, daga Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Maigatari ta ranar Alhamis, ya san abin da ke bayan rumfuna. Kafin azahar dubban jama'a sun hallara, an ci an sha, amma wanda bayan gida ya matsa sai ya ɗauki buta ya nufi bayan kara ko bakin ƙorama. Kasuwanni da dama ba su da salanga ko ɗaya. Inda akwai kuwa, sau da yawa ta cika, ko kuma an garƙame ta da kwaɗo.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Alƙaluman da hukumar lafiya ta duniya da UNICEF suka fitar a shekarar 2023 sun nuna cewa kusan mutum biyu cikin uku a Nijar a sarari suke bayan gida, galibinsu a karkara.

Sai dai karkarar ta fara motsawa. Tun shekarar 2009 aka shigo da wani tsari a Nijar, wanda aka soma a ƙasar Bangaladash, inda ba a raba wa kowa siminti ko kuɗi. Mutanen gari ne ke taruwa, su zana taswirar garinsu a ƙasa, su nuna wuraren da ake zagayawa, su ga da idonsu yadda ƙuda ke tashi daga ƙazanta ya sauka kan tuwo. Daga nan kowane maigida ya haƙa tasa salanga. Da wannan tsari ne komin ɗin Bagaruwa ta jahar Tawa ta zama ta farko a ƙasar da aka shaida ta daina bayan gida a sarari. A Najeriya ma, a 2022 aka ba jihar Jigawa irin wannan shaida, ita ce ta farko cikin jihohin ƙasar.

To amma mutumin da ya gyara gidansa, ranar kasuwa ina zai je? A cikin shirye-shiryenmu na rediyo wannan tambaya ce ke yawan dawowa daga masu saurare, musamman mata. Mai sayar da fura da nono ko dambu takan wuni ba ta sha ruwa sosai ba, don gudun abin da zai tashe ta daga kan kayanta, domin ba ta da wurin sirri sai duhu ya yi. Namiji kuwa ya zagaya bayan rumfa, ya dawo ba sabulu, ya ƙirga kuɗi, ya gaisa da jama'a, ya sa hannu a kwano. Da damina ta faɗi, ruwa ya kwashe ƙazantar ya zuba a tafki da rijiyoyin da ƴan ga-ruwa ke ɗiba. Cikin wuni guda abin da ƙauye ya yi shekara yana karewa sai ya bi mutum har gida.

Ba mu manta da daminar 2018 ba, lokacin da cutar kwalara, wato zawo da amai, ta ɓulla a gundumar Madarunfa da ke iyaka da Jibiya. Cikin ƴan watanni ta kama fiye da mutum 3,000, ta yi ajalin gommai. A 2021 ta sake dawowa a ɓangarorin biyu na iyaka, da ƙarfin da ya fi na baya. Cuta ba ta tsayawa a shingen duwan, kuma idan ta shiga gari ciniki ne ke fara mutuwa: baƙi su ƙaurace, mai abinci ta koma gida da tukunyarta cike.

Saboda haka gyaran na ƴan kasuwa ne tun kafin ya zama na kowa. Duk ranar kasuwa ana yankar tikiti a kowace rumfa da kowace dabba. Haƙƙin sarkin kasuwa ne, da sarkin fawa, da shugabannin dillalai da na tasha, su zauna da hukumar komin su nemi a ware wani kaso na wannan kuɗi domin salanga.

Gini kaɗai bai isa ba. Ramin ya kasance aƙalla mita 30 daga rijiya. Inda ƙasa take da yashi a ɗaure shi da bulo, don kada ya rufta da damina. A sa murfi a baki saboda ƙuda, a ware ɓangaren mata da ƙofa mai sakata, a ajiye randa da sabulu. Abu mafi muhimmanci shi ne a ɗauki mai kula, wanda zai riƙa karɓar dala biyar ko goma, ya share, ya kawo ruwa, ya kira masu kwashewa kafin rami ya cika. Salangar da ba ta da mai ita, ba ta kai damina biyu.

Dala biyar ɗin nan ba ta kai kuɗin goro ba, balle na asibiti. Muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa na ɓangarorin biyu da su tayar da maganar a zamansu na gaba, tun rani bai ƙare ba. Rigakafi dai ya fi magani.