Intanet a Gida: Lissafin da Ba a Rubuta a Jikin Kwali Ba

Bayan sallar isha'i, a wani gida a Ɗan Iya cikin garin Bauchi, mutum huɗu ne ke rataye da 'yar na'urar Wi-Fi guda ɗaya da aka ɗora a kan taga. Uwargida tana kallon Labarina a YouTube. Budurwar gidan tana ƙoƙarin tura aikin makaranta kafin a rufe shafi. Autan gida yana TikTok a ɓoye. Maigida kuwa ya kira ɗansa da ke karatu a Madina, fuskar yaron ta daskare a allon waya, baki buɗe, murya na zuwa guntu-guntu.

"Ɗan auta, kashe naka mana, Baba na magana da Yaya!"

Ya kashe, amma ba abin da ya canza. A jikin kwalin da na'urar ta zo a ciki kuwa an rubuta 150 Mbps da manyan baƙaƙe.

Duk wanda ya tashi sanya intanet a gida, abu biyu yake fara tambaya a shagunan waya na wajen Wunti: yaya saurinta, kuma nawa ne a wata? Tambayoyin daidai ne. Amsar da ake ba shi ce ba ta cika ba, domin lambar jikin kwali da kuɗin jikin takardar talla ba su ne abin da zai samu ba, ba kuma su ne abin da zai kashe ba.

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, intanet na shiga miliyoyin gidaje ta tsohuwar wayar talabijin da aka shimfiɗa tun shekaru da dama da suka wuce. Mu ba mu gaji wannan wayar ba. Talabijin ɗinmu ta eriya ko ta dish take zuwa, wayar NITEL kuma ba ta shiga yawancin gidaje ba har GSM ya zo a 2001. Saboda haka zaɓin mutumin Bauchi uku ne: rauta mai layin waya na MTN, Airtel ko Glo, wayar faiba, in ta iso layinsu, ko kuma dish ɗin Starlink da ke magana da tauraron ɗan'adam.

Ita lambar Mbps tana nufin megabit a daƙiƙa ɗaya. Datar da muke saya kuwa da megabayit da gigabayit ake auna ta, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Wato in an ce maka saurin layi 20 Mbps ne, raba shi gida takwas: megabayit 2.5 ke sauka a daƙiƙa. Fim mai nauyin giga ɗaya zai sauka cikin minti bakwai ba kaɗan. Wannan ba ƙaramin sauri ba ne. Kamfanin Netflix da kansa 5 Mbps yake nema don hoto mai kyau, 15 Mbps don mafi tsananin kyau. Kiran bidiyo bai kai haka ba. Gidan da na ba da labarinsa, da yana samun 20 Mbps tsayayye, da kowa ya yi abin da ke gabansa ba tare da an yi wa auta tsawa ba.

To ina sauran 150 ɗin suka tafi? Ba su taɓa zuwa ba. Wannan lambar iyakar abin da na'urar za ta iya ɗauka ce in komai ya daidaita, ita kaɗai a gindin ƙarfen sabis. Shi kuwa ƙarfen sabis kamar famfon unguwa yake. Da asuba, kafin mutane su fito, bokitinka zai cika nan da nan. Da yamma, in an jera jarkoki, ruwan nan dai shi za a raba. Duk wayar da ke unguwa daga ƙarfen sabis ɗaya ko biyu take sha, kuma tsakanin takwas zuwa sha ɗaya na dare kowa ya dawo gida, kowa ya kunna bidiyo. Shi ya sa layin da ya ba ka 40 Mbps da hantsi zai iya komawa 2 bayan isha'i. A unguwa mai cunkoson gidaje irin na cikin gari abin ya fi tsanani.

Na taɓa sayen rauta a kan maganar wani abokina da ya rantse mini cewa a gidansa kamar walƙiya take. Gaskiya ya faɗa, a gidansa. Tsakaninmu bai fi tafiyar minti goma a Keke Napep ba, amma a ɗakina sanda biyu take nunawa, sai na ɗora ta a kan katangar tsakar gida take numfashi. Kuɗin wata guda suka tafi ban ci moriyar rabinsu ba. Tun daga nan shawarata ga kowa ɗaya ce: kafin ka sayi na'ura, ari layin kamfanin daga maƙwabci, ka sa a wayarka, ka zauna a ɗakin da za a riƙa amfani da ita, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest da ƙarfe tara na dare. Ka maimaita kwana uku. Abin da ka gani a wannan lokacin shi ne saurin da za ka saya.

In ka yi gwajin za ka ga lambobi uku, mutane kuwa ta farko kawai suke kallo. Ta biyu ita ce saurin turawa, wato abin da ke fita daga wayarka. Mai sayar da atamfa da turaren wuta a WhatsApp, ɗalibin jami'ar ATBU da ke ɗora aikinsa, malamin da ke yaɗa karatu kai tsaye a Facebook, duk wannan lambar ce rayuwarsu. A layin waya takan yi ƙasa sosai da ta saukewa, a faiba kuwa sau da yawa suna kusa da juna. Ta uku jinkiri ce, lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Ita ce ke sa ka yi sallama a waya, ka yi shiru, sai ku fara magana tare da wanda ka kira. In ta haura daƙiƙa guda, hira ba ta yiwuwa komai yawan megabit.

Sai maganar kuɗi, inda aka fi yi wa mutane rufa-rufa.

A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari, bayan fiye da shekara goma ba a yi irin wannan ƙarin ba. Kowane gida ya ji a jikinsa. Tun daga lokacin ya zama dole a riƙa lissafi da biro. Hanyar ita ce a raba kuɗin da yawan gigar da aka ci da gaske, ba wadda aka saya ba. A ɗauka, don misali kawai, ka sayi giga 100 a kan naira 20,000. A takarda, kowace giga naira 200 ce. Idan wata ya ƙare gidanka giga 60 ya ci, sauran kuma suka ƙone, to a kan naira 333 ka sayi kowace giga. Idan kuma giga 100 ɗin sun ƙare ranar ashirin ga wata ka koma sayen ƙanana na kwana ɗaya da na mako, waɗanda gigarsu ta fi tsada, lissafin ya sake lalacewa ta ɗaya gefen. Don haka tambaya ta farko ba ta kamfani ba ce, ta gidanka ce: nawa kuke ci? Bidiyo mai matsakaicin kyau yakan ci har giga ɗaya a awa, mai kyau sosai har uku. Gidan da ake kallon awa uku kullum ya doshi giga 90 a wata tun kafin a yi maganar sauran abubuwa. Kowace waya tana nuna abin da ta ci a cikin saitinta; a tattara na mutanen gida a haɗa.

Akwai kuma kalmar da masu talla suka fi ƙauna, "anlimited", wai data marar iyaka. A layin waya kusan kullum tana da iyaka, sai dai an rubuta ta da ƙananan baƙaƙe: in ka ci giga kaza, za a shaƙe saurin ya koma yadda saƙon rubutu kawai zai iya wucewa. Ba a yanke ka ba, amma ba ka da intanet ɗin da ka biya. Wannan ɗabi'a tana ba ni haushi, domin wanda ya fi faɗawa tarkon shi ne wanda bai saba karanta sharuɗɗa da Turanci ba. Ka tambayi mai shago kai tsaye: bayan giga nawa ake rage sauri, kuma zuwa nawa ake rage shi? In ya kasa amsawa, ka sa ya buɗe maka shafin kamfanin ku duba tare. Wanda aka cuta kuma yana da inda zai kai kuka: ya fara da kamfanin a lamba 300, in ba a share masa hawaye ba ya kira NCC a 622, kyauta ne.

Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ya fara aiki. Taurarinsa suna shawagi a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, ba kamar na talabijin da ke can kilomita 36,000 ba, shi ya sa jinkirinsa kaɗan ne. Ba ruwansa da ƙarfen sabis, sararin sama kawai yake so ya gani ba tare da bishiya ko bene ya tare shi ba. Sauri kam akwai. Amma kuɗin wata ya tashi daga naira 38,000 zuwa 57,000 a 2025, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Kayan kafawa kuma a lokacin naira 590,000 ne. In ka haɗa su ka raba a kan watanni goma sha biyu na farko, kowane wata ya haura naira dubu ɗari. Ga makaranta, asibiti ko shagon rajistar JAMB, yana iya biyan kansa. Ga gidan ma'aikaci, sai dai in an yi karo-karo.

Wani kuɗin da ba ya cikin kowace talla shi ne na wuta. Duk wanda ke ƙarƙashin kamfanin wuta na JED ya san yadda ake ɗaukewa. Ƙaramar rauta ba ta cin abin kirki, wat goma ko ƙasa da haka, ƙaramin batir zai riƙe ta awanni, wata ma da nata batirin take zuwa. Dish ɗin Starlink na gida yana cin wat hamsin zuwa ɗari, dare da rana, wato sai da sola ko inbata. Wanda ya biya kuɗin wata cur amma wuta ta ba shi rabin yini, ya sayi intanet ɗinsa ninki biyu.

Faiba ita ce amsar da ta fi dacewa da gida mai mutane da yawa, kuma ita ce ta fi wahalar samu. Zare ne na gilashi, siririn gashi, haske ke gudu a cikinsa. Ruwan sama bai dame shi ba, taron unguwa bai cika shaƙe shi ba, kuma yawanci da sauri ake sayar da shi, ba da giga ba. Kamfanonin da suka yi suna a kai, irin su ipNX da FiberOne, a Legas da Abuja da Fatakwal suka fi ƙarfi. Dalilin a fili yake. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku, MainOne da Glo-1 na 2010, WACS na 2012, Equiano na Google da ya iso a 2022, duk a gaɓar Legas suka sauka. Daga can zuwa Bauchi fiye da kilomita 1,000 ne, kowace mita sai an haƙa, an binne, an biya kuɗin izinin hanya, sannan a yi ta gyara duk lokacin da katafilar masu aikin titi ta tsinke ta. Mun ga yadda muke rataye da wannan igiya ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka lalace a teku wajen Kodebuwa: bankuna suka rikice, masu POS suka yi zaman jiran sabis har a nan Arewa.

Gwamnati ta san matsalar. Shirin ƙasa na faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar zamanin ministan sadarwa Isa Ali Pantami, tsohon ɗalibi kuma tsohon malami a ATBU, ya sa burin 25 Mbps a birane, 10 a karkara, da giga ɗaya a kan abin da bai wuce naira 390 ba. A 2020 gwamnoni suka amince kuɗin izinin hanya ya tsaya a naira 145 kowace mita, daga baya wasu jihohi suka yafe shi ɗungurungum, Bauchi na cikinsu. Minista Bosun Tijani kuma ya sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a faɗin ƙasa. Duk wannan abin so ne. Abin da nake jin tsoro shi ne wayar ta bi babban titi, ta shiga ofisoshin gwamnati da bankuna da GRA, ta bar lungunan cikin gari inda jama'a suka fi yawa. Kamfani ba ya ja waya don gida ɗaya. In mutanen layi guda suka haɗa sunayen gidaje ashirin ko talatin masu bukata, suka kai ta hannun mai unguwa ko kansila, maganarsu ta fi nauyi, kamar dai yadda ake yi in taransifoma ta lalace.

Kafin ranar da faiba za ta iso, akwai gyaran da ba ya cin ko sisi. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna cinye siginar Wi-Fi, don haka rautar da aka ɓoye a bayan talabijin ko cikin durowa rabin aikinta take yi. A ɗaga ta sama, kusa da taga, ta fuskanci inda ƙarfen sabis yake. A canza kalmar sirri, domin sau da yawa samarin da ke zaune a dakalin ƙofar gida suna cikin masu shan datar. A rage kyan hoton YouTube a wayoyin yara zuwa 480, a ƙaramin allo ba za su ga bambanci ba. Manyan abubuwa kuma, sabunta waya da sauke karatu, a bar su sai bayan sallar asuba, lokacin da famfon unguwa ba kowa a kansa.